Munduwar lafiya: mi ya kamata a rubuta a kanta?

Da yawa cikinmu ba mu zama wuri ɗaya. Yau kasuwar Maradi, gobe Ɗan Isa ko Ƙonni, jibi biki a wani gari. To idan mai ciwon suga ko farfaɗiya ta yanke jiki ta faɗi a tasha, ko kabu-kabu ya kayar da ita, waɗanda za su ɗauke ta ba su san ta ba, karnen asibitinta kuma yana can gida cikin kwalla. Likita zai tambaya, ba mai amsa. Amfanin munduwar lafiya ke nan: ƙarfe ne da ake sa wa a hannu, an zana ciwon mutum a jikinsa, don ya yi bayani lokacin da baki ya kasa.

Abin ba sabo ba ne. A Amurka aka fara shi a 1956, bayan ɗiyar wani likita mai suna Marion Collins ta kusa rasa ranta saboda allurar da jikinta bai karɓa ba. Mu nan maƙeranmu na Tawa, Damagaram da Wadata a Yamai sun iya zana rubutu a kan azurfa. Matsalar ita ce wuri: munduwa ba ta ɗaukar fiye da layi huɗu ko biyar. Sai an zaɓa.

Ma'aunin zaɓe guda ne. Ki tambayi kanki: in na suma, wane labari ne zai canza abin da likita zai yi mini a mintocin farko? Shi za a rubuta. Sauran ya tafi cikin takarda.

Abin da ya cancanci shiga

Na farko sunanki da na mahaifinki kamar yadda suke a takardun asibiti. Kada a sa sunan da ake kiranki da shi a gida ko a ƙungiya, don ba da shi za a nemo karnenki ba.

Na biyu ciwon da zai iya kayar da mutum nan take: ciwon suga, farfaɗiya, emasi wato sikila, fuka, ciwon zuciya ko na ƙoda. Mai suga ta ƙara maganin da take a kai idan insulin ne ko ƙwayar glibenclamide, domin su biyun suna iya sauke suga ƙasa ƙwarai, balle in ba a ci abinci ba ko lokacin azumi. Mai irin wannan suma tana zufa, tana rawar jiki, tana magana ba kan gado, har a ce iskoki ne. Kalma biyu a hannunta sun isa a auna sugarta a ba ta abin da ya dace. Mai emasi kuma a rubuta irinta, SS ko SC, yadda awon jini ya nuna.

Na uku maganin da jikinki ba ya so. Wannan shi ne layin da ya fi tsada. In an taɓa yi miki allurar penisilin ko kika sha Bactrim, sai fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, ko fata ta saɓule, lalle a rubuta. Amma a bambanta: tashin zuciya ko ɗacin baki bayan shan magani ba shi ne wannan ba. Ki kai maganar ga likita ya tantance, don in kika rubuta abin da ba haka ba, kin hana kanki magani mai kyau a ranar da kike bukatarsa.

Na huɗu maganin tsinka jini, irin Sintrom da ake ba wasu masu ciwon zuciya. Mai shan shi in ta ji rauni jini ba ya saurin tsayawa, kuma dole mai ɗinki ko mai tiyata ya sani.

Na ƙarshe lambar waya. Ki zaɓi wanda wayarsa ke kunne kullum, wanda ya san ciwonki da inda karnenki yake. Ba dole sai maigida ba, musamman in yana bida a Libiya ko Abija. In wuri ya isa a sa lamba biyu, a fara da +227 saboda masu tsallaka iyaka.

Da wane harshe?

Mu da muka yi yaƙi da jahilci muna son ganin Hausa a rubuce, amma ma'aikatan lafiyarmu da Faransanci suka koyi sunayen cututtuka da magunguna. A rubuta da manyan baƙaƙe kamar haka: DIABÈTE INSULINE, ko ÉPILEPSIE, ko DRÉPANOCYTOSE SS, ko ALLERGIE PÉNICILLINE. Yawancin kalmomin nan sun yi kama da na Ingilishi, ko a Katsina ko Kano za a gane su. Ma'aikacin CSI ya rubuta miki a takarda da hannunsa, ki kai wa maƙeri ya kwafa, sannan ki komo da munduwar a duba. Baƙi ɗaya in ya kauce, sunan magani ya zama wani.

Abin da za a bari

Yawan ƙwayoyin da kike sha yana canzawa, ƙarfe kuwa ba ya gogewa. Haka ciki: wata tara ne ya wuce. Waɗannan a rubuta su a ƙaramin kati, a sa cikin leda, a ajiye tare da katin ɗan ƙasa. Rukunin jini ma ba sai ya ci wuri ba, don asibiti ba ta ƙara wa mutum jini sai ta sake aunawa. Sai dai mace mai Rhésus négatif tana iya sa shi, saboda allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari.

Akwai maganar sirri. Mun san yadda ake gudun mai farfaɗiya, ana cewa miyaunta na yaɗa ciwon, alhali ba a ɗaukarsa ta kowace hanya. Uwa na tsoron ɗiyarta ta rasa miji in aka karanta hannunta. Dabara ita ce a zana rubutun ta ciki, wajen da ke taɓa fata, a waje kuma a sa alamar lafiya kawai da kalmar URGENCE. Ciwon sida kuwa mai shi kaɗai ke da ikon cewa a rubuta ko a bari. Ba shugaba, ba miji, ba kishiya.

Kada a ɗinke bayanin cikin fata kamar laya, don ba ma'aikacin da zai farke layar mutum. Kada a yi ta zinariya, ɓarawo zai riga likita gani. Kuma a sa ta ita kaɗai a hannu ɗaya, kar ta ɓace cikin awarwaro.

Aikin ƙungiya

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, ƙungiyoyinmu sun saba ware asusun taimako don rashin lafiya da rasuwa. Daga ciki ana iya biyan kuɗin munduwar mai bukata, in an haɗa aiki da yawa wurin maƙeri ɗaya a nemi ragi. Ba sai an tona ciwon kowa a gaban taro ba. Mace ta faɗa wa wadda ta amince da ita.

Mu kuma koya wa juna duba hannun wanda ya faɗi. In ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko suga a baki. In farfaɗiya ce, kada a cusa cokali. A kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Ta wuce minti 5, sai asibiti. Mai suga da ke cikin hayyacinta ita ce ake ba ruwan suga.

A zama na gaba, kowace shugaba ta ware minti goma don wannan magana. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.