'Yan Aji Shida Da Aikin Fadama

Wanda ya bi hanyar Jega zuwa Aliero da sanyin safiya a watan Disamba zai ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Ga yara sanye da rigunan makaranta sun nufi gari, ga waɗansu tsararrakinsu kuma sun duƙa cikin fangali suna dashen albasa. In ka lura, waɗanda ke cikin fadamar ba ƙanana ba ne. 'Yan shekara 11 ne zuwa 13, watau 'yan aji biyar da aji shida. Ɗan aji ɗaya ba ya iya jan tiyo, balle ya ta da inji, saboda haka ba mai hana shi zuwa makaranta. Sai ya yi ƙwari, hannunsa ya fara amfani, sa'an nan gona ta ce nata ne, makaranta ma ta ce nata ne.

Ba mu ce manomi ya yi laifi ba. Albasar Aliero tana kaiwa har Ikko da Anacha, da kuɗinta ake cin tuwo a gidaje da yawa, ba ta kuwa jiran kowa. Ana yafa iri da ƙarshen damina, a dasa cikin ɗari, a yi ta ban ruwa har a cire da rani. Makaranta kuwa tana buɗewa a Satumba ta rufe a Yuli. Ke nan dashe yakan faɗo daidai jarrabawar zango na ɗaya, cira kuma ta cinye zango na biyu. A fadamun Jega da Maiyama, inda shinkafar rani ta kankama, ga kuma korar tsuntsu, wadda tun kaka da kakanni aikin yara ce.

Dattawanmu sun san lokacin da firamare take shekara bakwai a Arewa, mai takardar aji bakwai kuwa malami ne a gari. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, a nan Jega ya yi firamarensa daga 1963 zuwa 1969 kafin ya wuce sakandare a Birnin Kebbi. A 1976 aka kawo ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka bazu ƙauyuka. A 1999 aka ƙaddamar da sabon shiri a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara ne wajibi: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Aji shida dai yanzu ba ƙarshen tafiya ba ne, mashigi ne. Amma a mashigi kaya kan faɗa ruwa.

Dalili shi ne, a waɗannan shekaru ne karatu yake sauya kama. A azuzuwan farko yaro yana koyon yadda ake karatu. Daga aji huɗu zuwa sama, da karatun ake so ya koyi sauran abubuwa, littattafan kuma da Turanci suke. Lissafi ya bar ƙirga da tsakuwa ya shiga rabawa da kashi cikin ɗari da awon fili, kowane darasi a kan na jiya yake zaune. Yaron da ya yi mako uku a fadama ya dawo, ba mako uku kaɗai ya rasa ba. Zai zauna a bayan aji yana kwafar abin da ke allo da rubutu mai kyau, alhali bai san abin da ya rubuta ba. Irinsu ne kan ce makarantar ta gundure su. Ba gundura ba ce, kunya ce.

Kada littafin rubutu mai tsabta ya ruɗe ku. Ga gwajin da kowane uba zai iya yi, ko da bai yi boko ba. Ba yaron wannan takarda da ke hannunka, ko rubutun jikin buhun taki, ya karanta da ƙarfi, sa'an nan ka karɓe ka ce ya gaya maka abin da aka faɗa. Bayan haka ka ce masa: buhu 12 na kai kasuwar Jega, kowane an saya naira 30,000, na biya mota da la'ada naira 2,000 a kan kowane buhu, nawa zan komo da shi? Kai da ka saba ka riga ka san 336,000 ne. In ɗan aji shida ya kasa, to, gobe ka je ka ga hedimasta. Ba faɗa za ka je yi ba. Ka roƙi a buɗe maka rajista ka ga kwana nawa yaron ya zo a zangon nan. Sau da yawa amsar tana nan.

Wanda ya iya karatu da Hausa sosai ma ya yi rabin tafiya. An gwada wannan a Ile-Ife tun daga 1970, a ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa: aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci na matsayin darasi, ba su kuwa kasa takwarorinsu ba, har a Turancin. Saboda haka kada a raina littafin Hausa a gida.

Maganar 'ya'ya mata ta fi nauyi. Namiji in an gama cirar albasa yakan koma aji. Yarinya kuwa, daga talla ranar kasuwa sai reno, daga reno sai a ce ai ta girma, shi ke nan an rufe littafi. Uwayen da ke cikin ƙungiyoyinmu sun fi kowa sanin bambancin matar da ke iya karanta takardar asibiti da wadda sai ta nemi mai karanta mata. Akwai kuma tsoro, ba za mu ɓoye ba. Tun da aka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, iyaye da yawa gabansu na faɗuwa in an ambaci makarantar kwana. Wannan tsoro gaskiya ne. Sai dai akwai ƙananan sakandare na je-ka-ka-dawo, gara a fara tambayar wadda ta fi kusa tun yarinya tana aji biyar.

To, me ƙungiyar gama kai za ta iya? A ganinmu, abu na farko shi ne a dawo da gayya a makonnin dashe da cira. In magidanta goma suka zagaya gonakin juna, ba sai an cire yaro daga aji ba. Shi ya taimaka da la'asar da Asabar da hutun Disamba, wannan ma ilmi ne, ba mai son ya tashi bai san fartanya ba. Na biyu kuɗi. Ko da an ce karatu kyauta ne, riga da takalmi da littattafan rubutu da kuɗin mota na uba ne, a Satumba kuwa ake nemansu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo gida sosai ba. Albasa tana araha ran cira, ta yi tsada bayan watanni, amma ajiyarta na da ruɓa. Mai wurin ajiya mai iska ya ware buhun makaranta. Marar shi ya sayar, ya damƙa wa ma'ajin ƙungiya kuɗin a rubuta da sunan yaron, kada biki ko sayen taki ya lashe su.

Wata dabara kuma ba ta cin ko kwabo. Ran taron ƙungiya, magatakarda ya zaunar da 'yan aji shida biyu, mace da namiji, kusa da shi. Ɗaya ya karanta sunayen waɗanda suka yi zubi, ɗaya ya tara jimla, a gwada da ta littafi. Wata mai zuwa a sauya waɗansu. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana nan kusa da gonakin albasar, yaranmu suna wuce ƙofarta a kan amalanke. A taron wata mai zuwa, kowane wakili ya zo da sunayen 'yan aji biyar da shida na gidansa, da yawan kwanakin da rajista ta nuna sun yi fashi.