Kada mai haɗa faiba ya bar gidanka sai ka auna gudun intanet ɗin

Wanda ya daɗe bai shiga Nima ko Madina a Akra ba, in ya ɗaga kai ya dubi falwayoyin lantarki zai ga baƙaƙen wayoyi sirara da ƙananan akwatuna a rataye. Faiba ke nan, intanet ɗin da ake ja wa mutum har cikin ɗaki ta zaren gilashi mai sirin gashin kai. A Ghana MTN da Telecel suna ja, a Lome da Abijan akwai Canalbox, a Kamaru akwai Camtel. Mutanenmu sun fara karɓa, kuma da dalili. Gidan da maigida ke tura hotunan kaya ga kwastomomi, uwargida na kiran bidiyo da danginta a Kano ko Damagaram, yara na karatu ko kallo, kuɗin data na wata ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne wannan. Mutumin da ba zai karɓi buhun albasa ba sai ya kwance baki ya tura hannu har ƙasa, shi ne za a ba shi takardar kammala aiki ya sa hannu don kawai ya ga fitila kore tana ci a jikin akwati. Alhali lokacin da ma'aikacin yake tsaye a falonka da kayan aikinsa, nan ne kaɗai maganarka ke da nauyi. Da ya hau babur ya tafi, ka koma layin masu kiran ofis, a ba ka lamba a ce ka jira.

Kafin a zo ga awo, sai an san mudun. Abin da kamfani ke sayar maka ana rubuta shi Mbps, wato megabit nawa ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Wayarka kuwa in tana sauke fim ko manhaja, sau da yawa da megabait take ƙirgawa, ka ga an rubuta MB. Megabit 8 ne ke yin megabait 1. Saboda haka wanda ya sayi 100 Mbps, in ya ga wayarsa tana nuna 12 a daƙiƙa, ba a cuce shi ba, daidai ke nan, don 100 a raba gida 8 shi ne 12 da rabi. Na sha ganin dattijo ya ɗauki zafi a kan wannan, ana ta rantse-rantse, alhali mudu biyu ne ake gwadawa da juna. Sannan ka dubi takardar da kyau. In an rubuta "up to" a gaban lambar, ko "jusqu'à" a ƙasashen Faransanci, to ma'anarsa "har zuwa", ba alkawari aka yi maka cewa kullum haka za ka samu ba. Ka tambayi mafi ƙarancin da suka yarda da shi, in suna da shi a rubuce.

To, awon kansa. Akwai Speedtest na kamfanin Ookla, akwai fast.com na Netflix, dukkansu kyauta ne kuma ba sa cin minti guda. Amma yadda aka auna ya fi abin da aka auna da shi muhimmanci. Yawancin masu haɗawa za su ciro wayarsu su tsaya dab da akwatin su nuna maka lamba mai kyau. Ka gode masa, sannan ka ce a auna da laftof, a haɗa ta da akwatin da kebul, a kashe waifai na kowa a gidan tukuna. Awon kebul shi ne ke gaya maka abin da ya shigo gidanka daga titi. Awon waifai kuwa ya haɗa da laifin bango da nisa da tsufan wayarka, kuma kamfani zai iya zamewa a kansa cikin sauƙi. In ba ka da laftof, ka ara kafin ranar, ko ka sa ɗan maƙwabta mai karatu ya zo da tasa. A auna sau uku, kada a tsaya ga ɗaya.

A nan akwai wata lamba da ya kamata ka riƙe: 94. In ka sayi 200 ko fiye amma awon kebul ya tsaya cak a 94 ko 95, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kusan kullum ba layin ba ne. Ko dai kafar laftof ɗin tsohuwa ce mai iyaka 100, ko kebul ɗin ne. Ranar da aka ja mana a gida haka ta faru. Yaron da kamfani ya turo ya ce ai netiwok ne, zuwa dare zai daidaita. Ɗana ya zare kebul ɗin ya ɗaga kansa ga haske, sai ga silin waya huɗu a ciki maimakon takwas. Aka canza da wanda aka rubuta Cat 6 a jikinsa, nan take lamba ta haura 190. Da ya tafi da waccan maganar ta "zuwa dare", da wata nawa za mu yi muna biyan kuɗin 200 muna shan rabi?

Kada idonka ya tsaya kan babbar lambar saukewa kaɗai. A ƙarƙashinta akwai ta ɗorawa, kuma ga ɗan kasuwa ita ce abokiyar aiki. Bidiyon atamfa da ka tura wa dillaliya, hoton rasit, fuskarka da tsohuwa take gani a kiran WhatsApp, duk ta nan suke fita. Wasu tsare-tsaren suna ba da saukewa mai yawa su matse ɗorawa, ka tambaya tun kafin ka biya. Lamba ta uku ita ce wadda suke rubutawa ping, jinkirin da saƙo ke yi ya je ya dawo. A faiba mai lafiya, in cikin garinku aka auna, bai kamata ya wuce 20 ba. In ya yi yawa shi ne za ka ji kana magana ɗan'uwanka yana magana, kuna ta karo da juna.

Wani abu kuma, Speedtest da kansa yake zaɓar tashar da ta fi kusa, sau da yawa ma ta kamfanin da ya ja maka ce a cikin gari. Wannan kamar a gwada mota ne a harabar gareji. Mu kuwa harkarmu da Legas take, da Dubai, da Guwanzu. Akwai wurin canza tasha a manhajar, ka zaɓi Legas ko Landan ka sake aunawa. Lambar za ta ragu, jinkirin zuwa Landan zai kai kusan 100, wannan nisa ne ba laifin kowa ba. Amma in ta faɗi warwas, ka san ƙofar kamfanin zuwa waje ƙarama ce. Ita wannan ƙofa ta ƙarƙashin teku take bi. Waɗanda suke nan ranar 14 ga Maris 2024 ba su manta ba, ranar da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, aka wayi gari daga Ghana har Benin da Laberiya intanet sai a hankali, gyara ya ɗauki makonni. Shi ya sa ni ban yar da layin wayata na data ba.

Kafin ma'aikacin ya rufe jakarsa, ka ce ya nuna maka ƙarfin hasken da ya iso. Yana da na'urar aunawa, dole ne, da ita yake aiki. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta, kuma tana ƙara girma haske yana ƙara rauni. In ka ga wajen 18 zuwa 24, lafiya lau. In ta kai 27, kana bakin gaɓa, yau zai yi aiki amma ruwan sama ɗaya ko ɗan motsin waya zai iya kunna maka jar fitilar nan da aka rubuta LOS. Ka roƙe shi ya sake haɗin ko ya goge kan wayar tun yana nan. Ka kuma bi wayar da ido daga waje zuwa ɗaki. Gilashi ce, ba ta son a lanƙwasa ta sosai ko ƙofa ta matse ta. A gaya wa yara kada wanda ya zare ta ya leƙa bakinta, hasken ba ya ganuwa amma yana iya cutar da ido.

Sai an gama da kebul ake komawa waifai. Akwatunan yanzu suna fitar da suna biyu, ɗaya 2.4 ɗaya 5. Na 5 ya fi gudu amma bangon bulo biyu ya ishe shi, na 2.4 ya fi ratsa bango amma a gidan haya mai ɗakuna goma, inda kowa ke da nasa, cunkoso yake yi. Ka ɗauki wayarka ka zaga, ɗakin uwargida, kicin, inda yara ke karatu, kana aunawa. Masu haɗawa sun fi son ajiye akwati kusa da tagar da waya ta shigo, don ya fi musu sauƙi. Kai ka ce a kai shi tsakiyar gida, a sama, ba bayan talabijin ba. Ƙarin mita biyar na waya a ranar ba komai ba ne, bayan an tafi kuwa sai ka biya kuɗin sabon aiki. In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida kafin a huda bango, kuma a tabbata da sunanka aka buɗe asusun.

Akwai awon da ba zai yiwu a gaban ma'aikaci ba, shi ne na dare. Zare ɗaya da ya fito daga kamfani ana raba shi ga gidaje, yakan kai 32 ko 64, kuma duka suna cin kusan megabit 2,500 ne tare. Da hantsi kowa yana kasuwa, hanya fayau. Tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, balle ranar da ake buga ƙwallon Turai, nan ake sanin gaskiyar layi. A makon farko ka auna da safe da dare ta kebul, ka ɗauki hoton fuskar na'urar kowane karo, da kwanan wata a jiki. In na dare kullum bai kai rabin abin da ka biya ba, ka tafi ofishinsu da hotunan. Ka kuma lura da ƙarshen wata, don wasu tsare-tsaren da aka ce "ba iyaka" suna rage gudu in ka ci wani adadi, yana nan a ƙananan rubutun da ba ma karantawa.

Faiba ba ta ɗauke da lantarki, akwatin da wutar gidanka yake aiki. In aka ɗauke wuta, abin da mutanen Ghana ke kira dumsor, shi ma ya mutu ko da layin lafiyarsa ƙalau. Ana sayar da ƙaramin batir na musamman da ke riƙe shi awanni. Yawancin akwatunan bolt 12 suke ci, amma ka juya naka ka karanta abin da aka rubuta a bayansa, ka ɗauki hoton wurin ka tafi da shi shagon mai batir.