ƘURAR ASBESTO: HATSARIN DA KE SAMAN KAWUNANMU



Kwanakin baya ina wucewa ta gefen Babbar Kasuwa na ga wani kafinta yana yanka tsohon silin da zarto, ƙura fari fat ta rufe masa gemu, yaronsa na riƙe masa da gefe. Na ce masa, "Malam, ka san abin da kake shaƙa?" Ya yi dariya ya ce ai in ya tashi zai sha madara ta wanke. Shi ya sa yau na ajiye bayanin ganye da sassaƙe, za mu yi magana a kan asbesto.

Asbesto wani dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, in an farfasa shi sai ya zama zare-zare siriri. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, shi ya sa aka riƙa cuɗa shi da siminti ana yin rufin ɗaki mai tudu da kwari, da farin silin, da bututun ruwa. Gidajen gwamnati da makarantu da shagunan da aka gina daga wajen 1970 zuwa 1990, da yawansu da shi aka rufe su.

To ina illar? Zaren nan ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, ba shi da wari. In aka shaƙe shi sai ya wuce can ƙarshen huhu ya maƙale. Tari ba ya fito da shi, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. A hankali wajen ya yi ta tabo har huhu ya ƙandare, mutum ya hau matakala biyu yana haki. Wani kuma ya zame masa ciwon dajin huhu, ko na fatar da ta lulluɓe huhu, wanda likitoci ke kira mesoteliyoma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irin asbesto na kawo ciwon daji, har da na maƙogwaro da na ƙwan mace, kuma ta ƙiyasta sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wajen aiki. Ingila ta haramta shi a 1999, Afirka ta Kudu a 2008.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jinkirinsa. Sai an yi shekara 20, 30, har 40 kafin ciwon ya bayyana. Saurayin da ya rushe gini yau, sai ya tara iyali sannan numfashi ya fara gagararsa, a ce asma ce, a ce tarin fuka ne, wasu ma su ce sammu. Mai shan taba kuwa hatsarinsa ninki ne. Matar da ke kakkaɓe kayan aikin mijinta kafin wanki ita ma tana shaƙa. Yaran da ke tsintar ɓallin silin suna rubutu da shi kamar alli, ku hana su.

Zan faɗa muku gaskiya tsakanina da Allah. Zuma da habbatus sauda da man zaitun suna da albarka, ina ba da su don tari da mura. Amma ba su fitar da zaren asbesto daga huhu. Madara ma ba ta yi. Duk wanda ya ce yana da haɗin da ke wanke shi, kuɗinka yake so.

Kada kuma wani ya firgita ya je ya ɓamɓare silin ɗin ɗakinsa. In lafiyarsa lau, bai tsage ba, barinsa ya fi taɓa shi. A shafe shi da fenti kawai. Ba kowane farin silin ne asbesto ba, na roba da na filasta daban suke, amma tsoho in kana shakka ka ɗauka shi ne. Kada a huda, kada a goge, kada a sa masa zarto ko injin yanka. In dole sai an cire, a fitar da mata da yara, a jiƙa shi sharkaf da ruwa, a kwance shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba. Mai aiki ya sa takunkumi na musamman mai tace ƙura, domin rawani ko ƙyalle ba sa tare ta. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya. A naɗe ɓaraguzan cikin leda mai kauri, kada a zubar a bola inda yara ke wasa, kada a cike ramin ƙofar gida da su.

Haka bayan gobara. Mun ga yadda jama'a suka shiga tonon toka lokacin da wuta ta ci Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021. Duk inda rufin asbesto ya sha wuta yakan tarwatse, tokar wajen ba ta shaƙa ba ce.

Masu sayar da tsofaffin kayan gini, ku tuna a fiƙihu ɓoye aibin haja haramun ne. Ka gaya wa mai saye ko mene ne, kafin ya kai gida ya yanka ya yi akurkin kaji.

Wanda ya daɗe yana aikin rufi ko rusau, yanzu yana haki ko busasshen tari ya ƙi tafiya, ko ciwon ƙirji da rama, ya je asibiti a yi masa hoton ƙirji. Ya faɗa wa likita da bakinsa cewa ya yi aiki da asbesto, ko da shekara 30 ne da suka wuce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.