Cinikin Bindigogin da Suka Zubar da Jini

A ƙarshen Nuwamban 1963, bindigogi biyu suka shiga tarihi a birnin Dallas na Amurka, kwana biyu tsakani. Ta farko doguwa ce, ƙirar Carcano ta Italiya, wadda kwamitin bincike na Warren ya ce da ita Lee Harvey Oswald ya harbe Shugaba John F. Kennedy ranar 22 ga wata. Ta biyu 'yar ƙarama ce, Colt Cobra, wadda Jack Ruby, mai gidan rawa, ya zaro ranar 24 ga wata ya ɗirka wa Oswald harsashi a ciki, a gaban 'yan sanda da kyamarorin talabijin.

Babu ta a-zo-a-gani a cikinsu. Oswald ya yi odar tasa ta gidan waya daga wani shago a Chicago kan dala 20 da 'yan kai, Ruby kuwa ya sayi tasa dala 62.50. Amma jinin da suka zubar bai gama bushewa ba masu kuɗi suka fara zawarcinsu.

Wani attajirin man fetur daga jihar Colorado, John J. King, ya biya matar Oswald don ya mallaki doguwar. Gwamnati ta ce ba ta san zance ba. A 1965 majalisar dokoki ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon riƙe kayan shaidar kisan, kuma har yau bindigar tana ma'adanar tarihi ta ƙasa a jihar Maryland. Ta Ruby ba ta samu wannan gata ba. Bayan rasuwarsa a 1967 aka shafe sama da shekara 20 ana shari'ar gado, daga ƙarshe ƙaninsa Earl ya kai ta gwanjo a New York a 1991, wani ɗan kasuwa daga Florida ya saye ta dala 220,000. Daga baya har harba harsasai aka riƙa yi da ita ana sayar da su ɗai-ɗai ga masu son tsaraba.

Me mai sayen yake biya? Ba ƙarfen ba ne, domin irin wannan Colt ɗin dubbai aka ƙera. Abin da ke sa farashi shi ne hujjar cewa wannan ce ta yi kisan. Dillalai kan bi lambar da kamfani ya buga a jikinta, da rasit, da takardun 'yan sanda da na kotu, su jero hannuwan da ta ratsa ba tare da giɓi ba. Kimiyya ma tana da ta cewa. A cikin bututun bindiga akwai zane-zane masu murɗewa da ke juya harsashi, kuma kowane bututu yana barin ƙananan ƙarce-ƙarce irin nasa. Idan aka jera harsashin da aka ciro daga gawa da na gwaji a ƙarƙashin madubin bincike, layukan kan haɗu ko su saɓa. Da wannan dabara masanin binciken bindigogi Calvin Goddard ya danganta bindigogin Thompson biyu da kisan mutum bakwai da aka yi a Chicago ranar 14 ga Fabrairun 1929.

Idan hujja ta cika, kuɗi sai abin da hali ya yi. A Agustan 2021 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da bindigar da jami'in tsaro Pat Garrett ya kashe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita a 1881 kan sama da dala miliyan 6.

Masu tara irin waɗannan kaya suna cewa tarihi suke adanawa, kuma gaskiya ne wasu sun tserar da abubuwa daga lalacewa. Sai dai akwai inda wannan hujja ba ta kai. A 2016, George Zimmerman, wanda kotu ta sallama kan harbe Trayvon Martin, yaro ɗan shekara 17, a Florida a 2012, ya sa bindigar a gwanjo da hannunsa, alhali iyayen yaron suna raye suna ji suna gani. A shari'ar Musulunci wanda ya yi kisa ba ya gadon wanda ya kashe, don kada jini ya zama hanyar arziki. Wannan ciniki kuwa buɗe hanyar yake yi.

Adanawa ba ta buƙatar gwanjo. Ƙaramar bindigar da John Wilkes Booth ya harbi Shugaba Abraham Lincoln da ita a 1865 tana gidan tarihi na Ford's Theatre a Washington, kamar yadda motar da aka kashe Janar Murtala Muhammad a ciki a 1976 take gidan tarihi na ƙasa a Legas. A can ɗalibi yana ganin abin tare da bayanin wanda aka kashe da abin da ƙasa ta rasa. Makamin da ya ɗauki rai shaida ne, don haka ko dai hukuma ta riƙe shi don ilimin jama'a, ko ta narkar da shi idan shari'a ta ƙare. Bai kamata a bar wani ya ci riba da mutuwar ɗan wani ba.