Giwa a garin wani zomo ce: 'Yan fim da mafarkin komawa ƙasar waje

Da yamma, idan mutum ya bi ta Titin Gidan Zu a Kano, inda ofisoshin 'yan fim suka yi dafifi, da wuya ya wuce majalisa biyu bai tarar da samari sun haɗa kai a kan waya guda ba. Abin da ake kallo bai wuce hoton wata jaruma ba, ta ɗau wanka ta tsaya a gindin dogon benen nan na Dubai, Burj Khalifa, ko wani jarumi cikin ƙatuwar rigar sanyi a tsakiyar Landan. Sai ka ji wani ya ce, "Kai, wannan ai ta haye!" Wani kuma ya karɓe, "Wallahi ni ko yau aka buga min biza, ko sallama ba zan tsaya yi ba."

Wannan magana ba a bakin 'yan kallo kaɗai take ba. A cikin industirin ma akwai yara masu tasowa, maza da mata, waɗanda babban burinsu shi ne su yi suna, su tara 'yan kuɗi, su tattara su bar ƙasar. Abin tambaya a nan shi ne, me ake samu a can, me kuma ake bari a nan?

INDA MAFARKIN YA SAMO ASALI

Tun kafin zuwan Instagram da TikTok, finafinan Indiya sun riga sun gama gina wa matashin Bahaushe ƙasar waje a cikin kansa. Duk wanda ya tashi da kallon kaset ya san fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, inda Shah Rukh Khan da Kajol suka ratsa Turai a jirgin ƙasa, suka yi rawa da waƙa a tsaunukan Suwizalan. Ga mota, ga sutura, ga ƙanƙara fara fat kamar auduga.

Sai dai akwai abin da 'yan kallo da yawa suka manta. Fim ɗin bai buɗe da rawa ba. Ya buɗe ne da dattijo Amrish Puri, mai ɗan kanti a Landan, yana watsa wa tattabaru tsaba yana begen gonakin garinsu na Punjab, bayan ya shafe shekaru a ƙasar da har lokacin bai ɗauke ta gida ba. Masu fim ɗin sun nuna ɓangarorin biyu. 'Yan kallo ne suka ɗauki ɗaya suka bar ɗaya.

Yanzu kuma waya ta karɓi aikin da kaset ya fara. Bambancin kawai shi ne, a da kowa ya san fim yake kallo, yau kuwa hoton da aka ɗauka a ziyarar mako guda shi ake ɗauka a matsayin rayuwar kullum.

MASU SON TAFIYA SUNA DA HUJJA

Ba daidai ba ne a ce duk mai son fita kwaɗayi ne ke jan sa. Wanda ya taɓa zaman tace fim aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai, ya san darajar ƙasar da lantarki ba ya ƙiftawa. Ga asibiti mai kayan aiki, ga hanyar da mutum zai bi da dare ba tare da fargabar masu garkuwa ba, ga makarantun koyon fim na gaske.

Ga 'yan mata kuma akwai ƙarin dalili. 'Yar fim a ƙasar Hausa tana rayuwa ne a tsakiyar idanu. Shigarta, tafiyarta, wanda ta gaisa da shi, duk abin magana ne. Idan aure ya taso, sai dangin miji su ce ba za su haɗa zuri'a da 'yar fim ba. Don haka garin da za ta shiga kanti ta fito ba wanda ya nuna ta da baki, dole ya ba ta sha'awa.

Sannan ga maganar kuɗi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 'yan Nijeriya mazauna waje sun aiko da kusan dala biliyan 20 gida. Da irin wannan kuɗi ake gina gidaje, ake biya wa iyaye Makka, ake aurar da ƙanne. Wanda ya ce ba a samu a waje, bai faɗi gaskiya ba.

ABIN DA HOTO BA YA NUNAWA

To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A ɗauki Ingila, inda hanyar da matasa suka fi bi ita ce bizar karatu. Ɗalibin jami'a ba shi da izinin yin aiki fiye da awa 20 a mako idan ana zangon karatu. A watan Afrilu na 2024 mafi ƙarancin albashi a can ya koma fam 11.44 a awa ga wanda ya kai shekara 21. Idan aka buga lissafi da albashin wancan lokacin, abin da zai samu a mako bai kai fam 230 ba. Wanda ke zaune a Fagge ya juya wannan zuwa naira sai ya ce, "Kai, kuɗi!" Amma ba a Fagge za a kashe su ba. A cikinsu za a biya hayar ɗaki, a sayi abinci, a hau bas, a biya kuɗin ɗumama ɗaki. Tun kafin ya taka ƙasar ma sai ya biya harajin kiwon lafiya, wanda a Fabrairun 2024 aka mayar da shi fam 776 a kowace shekara ga ɗalibai. Daga Janairun 2024 kuma aka hana yawancin masu karatun digiri na biyu tafiya da matansu da 'ya'yansu.

Faɗuwar naira ta ƙara dagula lissafin. A farkon 2023 ana canza dala a banki a kan kusan naira 460. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, ba a fita daga watannin farko na 2024 ba sai da dala ta haura naira 1,500. Kuɗin da iyaye suka tara na shekara guda sai ya zama ko rabi ba zai biya ba. A 2024 ɗin ne aka umarci wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside su fice daga Ingila saboda sun gaza biyan kuɗin makaranta a kan kari.

Akwai kuma abin da ba a lissafa shi da kuɗi. A watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a Landan. Ba majalisa, ba mai shayi a bakin layi, ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce, "Lafiya kuwa ban gan ka a masallaci ba?" Ranar Sallah kan faɗo a ranar aiki, mutum ya idar da Idi ya ruga ya kama bas. Idan aka yi rasuwa a gida, a waya zai karɓi gaisuwa, wanda takardunsa suka ƙare kuwa ko jana'izar mahaifiyarsa ba zai zo ba, domin idan ya fita ba shi ba komawa.

DUBAI: BAƘO BAƘO NE

Dubai ce ta fi tafiya da hankalin 'yan mata da samari, saboda ƙyale-ƙyale, ga shi kuma ƙasar Musulmi ce, akwai masallatai da abincin halal. 'Yan kasuwar Kano sun daɗe suna zuwa unguwar Deira sarin gwal da yadi da turare. Amma mai zuwa sari daban, mai zuwa zama daban. Yawancin baƙi a can zamansu a ɗaure yake da aikinsu, ranar da aiki ya ƙare, kwanakin zama sun fara ƙidayuwa. Haihuwa a ƙasar ma ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa.

A watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, kamfanin jiragen Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya. Sai a Yulin 2024 aka buɗe ƙofar bizar. Kusan shekara biyu ke nan, wanda ya gina rayuwarsa a kan Dubai yana kallon ta a waya kamar kowa.

Kuma ba duk mai nuna daula ne ya same ta ta hanyar Allah da Annabi ba. Wa ya manta da Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi? Mabiyansa a Instagram sun haura miliyan biyu, kullum yana cikin motocin alfarma da jirgin haya, samari suna fatan Allah ya mayar da su kamarsa. A watan Yuni na 2020 'yan sandan Dubai suka kama shi, aka miƙa shi ga Amurka. A Nuwamban 2022 kotu ta ɗaure shi shekara 11 da wata uku kan safarar kuɗin damfara.

Waɗanda ba su da kuɗin jirgi kuwa, nasu ya fi muni. Akwai 'yan matan da ejan ke yi wa romon baka da aikin kanti a ƙasashen Larabawa, su je su tarar aikatau ne, uwar ɗaki ta riƙe fasfo. Akwai samarin da ke bi ta Agadas su ratsa Sahara. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna bidiyon yadda ake gwanjon baƙin fata a Libiya kamar awaki a kasuwar ƙauye.

FARIN JINI BA YA HAWA JIRGI

Ga ɗan fim, akwai wata asara ta daban. Jarinsa fuskarsa ce da harshensa, kuma wannan jari a inda ake jin Hausa kaɗai yake ciniki. Jarumin da ba ya iya ratsa Kantin Kwari saboda cincirindon masoya, idan ya sauka a Manchester ba wanda zai waiwaye shi, layi zai bi kamar kowa ya nemi aikin gadi ko kula da tsofaffi. Aikin ba abin kunya ba ne, halal ne. Amma ba shi aka nuna a hoton ba.

A Kudu an ga misali. Regina Askia na cikin manyan taurarin finafinan Legas a shekarun 1990. Da ta koma Amurka, makaranta ta koma ta karanci aikin jinya, kuma da shi ta tsaya da ƙafarta. Ta yi nasara, amma da sabuwar sana'a, sunanta na fim bai biya mata haya ba.

A nan gida kuma tsofaffin 'yan kallo ba su manta da Fati Mohammed ba, Zubainar fim ɗin Sangaya. Tana kan ganiyarta ta auri Sani Musa Mai Iska, suka tafi Ingila suka zauna na wani lokaci. Industiri ba ta tsaya jiran kowa ba, sababbin fuskoki suka cika fosta. Haka harkar take, furodusa yana da lokeshin gobe, wanda ke kusa shi zai kira.

Wani abin lura ma, a harkar fim ɗin Hausa, nan ce ƙasar wajen da ake yi wa ƙaura. Hadiza Gabon a birnin Libreville aka haife ta, nan ta zo ta zama tauraruwa. Mawaƙiya Fati Nijar daga Maraɗi ta taso ta yi suna a Kano. Wasu na sayar da fili su gudu, wasu na tsallako iyaka su shigo.

WAƊANDA SUKA JE DA ƘAFA ƊAYA A GIDA

Wannan ba ya nufin kowa ya naɗe tabarma ya zauna. Tafiya mabuɗin ilimi ce, sai dai akwai yadda ake yin ta. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ, kuma mutane da yawa sun ɗauka ta tafi ke nan. Ta yi digiri a Jami'ar Eastern Mediterranean da ke Arewacin Cyprus, ta fito a finafinan Kudu, a 2022 kuma aka gan ta a fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz 2, tare da Vidyut Jammwal. Duk da haka da Hausa ta shirya Mati a Zazzau. Ta je ta ɗebo, amma ba ta saki kasuwar da ta san sunanta ba.

Ali Nuhu ma ya zaga ƙasashe iya zagawa, ya yi finafinan Kudu ba adadi, amma bai ɗauke ofishinsa daga gida ba. A Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya. Da a ce ya tattara tun zamanin Wasila, da wani ne a kan kujerar.

Ga kuma YouTube ta sauya lissafi. Shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So a gida aka ɗauke su, amma Bahaushen Jidda da na Kumasi da na Landan duk sun kalla a wayoyinsu. Fim ya tafi ƙasar waje, mai fim yana kwana a ɗakinsa.

KAFIN A SAYAR DA FILIN GADO

Duk matashin da ya ƙudurta tafiya, ya kamata ya zauna da iyayensa ya amsa tambayoyi huɗu. Wace irin biza ce, kuma ta ba da izinin aiki? Wace sana'a ce a hannunsa da za a biya shi a can, ɗaukar hoto ce, tace fim ne, jinya ce, ɗinki ne? Wa zai tarbe shi, kuma an tabbatar da mutumin ta hanyar da ba ta ejan ba? Idan abin bai yi ba, akwai kuɗin dawowa, akwai kuma abin da za a dawo a tarar?

Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, to Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dawo da alheri. Wanda kuwa amsarsa ita ce "idan na je na gani", gara ya sake duba hoton nan da ya ruɗe shi, ya binciki inda jarumar take a yau. Sau da yawa zai tarar tuni ta dawo, tana lokeshin a bayan gari, rana na dukanta, darakta na cewa a sake ɗauka.