Motar da Ba Ta da Geji: Yadda Ake Ƙara Mata Baƙin Mai

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a ƙasar Daura ya san aikin farko na safiya: a ɗaga bonet, a zaro geji, a goge da tsumma, a mayar, a sake zarowa, a ga inda baƙin mai ya tsaya tsakanin zanen sama da na ƙasa. Direbobin da ke jigila daga Babban Mutum zuwa Ɓaure da Zango da Daura, da masu bin hanyar Ɓaɓura da Kanya zuwa Kano, a kan haka suka tashi, haka kuma suke koya wa yaran motarsu.

To yanzu ga motoci sun shigo da za ka laluba injinsu gaba da baya ba ka ga geji ba, domin kamfanin da ya ƙera su bai sa ba. Mercedes-Benz ya fitar da wasu C240 da C320 na shekarun 2000 zuwa 2005 da bututun geji a toshe da murfi. BMW ya cire shi gaba ɗaya daga injin N52 da ya fito a 2004, wanda ke cikin wasu E90 da ke yawo a titunanmu. Audi ya bi sahu a A4 da ya fara sayarwa wajen 2008. A madadin wannan tsinken ƙarfe, an dasa sensa a gindin botom filet, ita ke auna man ta aika wa dashbod.

Babban Mutum gari ne na bakin iyaka, Magarya ta Nijar na gaba kaɗan, saboda haka babu irin motar da ba ta ratsa shi. Kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a watan Janairun 2017, 'yan Kwatano da yawa ta Nijar suke biyowa su shigo Arewa. Irin waɗannan motoci sukan zo ba littafinsu, in ma sun zo da shi to da Jamusanci ne ko Faransanci. Mota ta canza hannu sau uku ko huɗu, ta faɗo wurin wanda bai taɓa jin yadda ake tambayarta yawan manta ba. A nan ɓarnar take farawa, kuma abin da ke damuna shi ne mafi yawanta masu son motarsu ne ke yin ta, da niyyar kyautata mata.

Sensar ba baƙuwa ba ce a wurinmu yadda ake zato. Peugeot 406 da aka riƙa haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna tana nuna yawan mai a dashbod na 'yan daƙiƙoƙi da zarar an murɗa makulli, sai dai ita an bar mata gejinta, shi ya sa ba wanda ya damu. Irin tata tana aiki ne da zafi: wani siririn waya ne ake ba wuta, inda mai ya rufe shi yana saurin hucewa, inda yake a iska yana daɗewa da zafinsa, daga wannan bambanci kwamfutar motar take lissafa zurfin man. Ta BMW bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, mai yana hawa a tsakaninsu. Mai ya fi iska riƙe cajin lantarki da ninki biyu da ɗoriya, don haka yawan cajin da bututun suka riƙe shi ke nuna inda mai ya kai. Ruwa kuwa yana riƙe caji kusan ninki 80 na iska, saboda haka ɗan ruwa kaɗan da ya shiga mai, ko daga gasket ko daga wankin inji, ya isa ya rikita awon. Ta Audi da Volkswagen na baya-bayan nan sauti take harbawa daga ƙasa, wanda kunne ba ya ji, ya bugi saman man ya dawo, ta ƙidaya lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka.

Yawancinsu suna da hali guda da ya bambanta su da geji: ba sa ba da amsa nan take. Mai a cikin inji ba a zaune yake ba. Yana hawa sama, yana gangarowa, yana karkata idan an sha kwana ko an faɗa rami. Yana kuma kumbura da zafi. Lita 6.5 da injin N52 ke ɗauka, idan ta tashi daga sanyin safiyar hunturu ta kai zafin aiki, tana ƙaruwa da kusan sulusin lita, alhali tazarar da ke tsakanin zanen ƙasa da na sama lita ɗaya ce kacal a yawancin motoci. Shi ya sa kwamfutar ba ta yarda da awo ɗaya. Tana tara awo da yawa, ta haɗa da zafin man da gudun inji, sannan ta fitar da matsakaici. Abin da kake gani a dashbod sau da yawa lissafin ɗazu ne, ba na yanzu ba.

Ga yadda abin yake faruwa a bakin tasha. Fitila rawaya ta kama, direba ya tsaya wurin mai baƙin mai, ya ce a zuba lita ɗaya. An zuba, ya leƙa dashbod, har yanzu tana cewa mai ya yi ƙasa. Sai ya ce ai ba ta ƙoshi ba, a ƙara. Kafin motar ta sake awo an ɗura mata lita biyu ko fiye, a wurin da lita ɗaya ta ishe ta.

Mutane da yawa suna ganin yawan mai ba ya cutarwa, ƙarancinsa ne abin tsoro. Wannan kuskure ne mai tsada. Karanshaf yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya a saman man da ke kwance a botom filet. Idan man ya hau har ya taɓa shi, sai ya riƙa kaɗa shi kamar maburgi cikin nono har ya yi kumfa. Famfon mai ya zuƙi kumfa ya tura wa metal, kumfa kuwa iska ce, ba ta iya raba ƙarfe da ƙarfe. Inji yana iya bugawa da mai cike a cikinsa. Ko bai kai ga haka ba, rarar man tana matsa wa sil har su fara yoyo, tana bin bututun numfashin inji ta shiga ɗakin ƙona fetur, fulogi su yi baƙi, hayaƙi shuɗi ya fito a salansa, ta toshe matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. A motar dizal abin ya fi muni, domin injin yana iya kama man yana ƙonawa kamar gas, ya yi ta gudu ko an zare makulli.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya, haƙuri kawai take so. Inji ya zama ya yi zafi, mota kuma ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne a garin da gefen titi yashi ne, taya ɗaya kan nutse ta karkatar da mota. Dandamalin simintin gidan mai ya fi. Daga nan kowace mota da tsarinta. BMW E90 tana son a yi tafiyar aƙalla kilomita 10, a bar inji yana aiki, a nemi awon da sandar da ke jikin sitiyari. Audi tana son a kashe inji, a jira kamar minti biyu, a kunna wuta kawai ba tare da an tayar ba. Mercedes na wancan zamani takan nemi a jira wajen minti biyar bayan an kashe. Idan ta ce a ƙara lita ɗaya, ni shawarata a fara da rabi, a rufe, a yi 'yar tafiya, a sake tambayarta. Mai da ya tsaya a tsakiyar zane biyu ba shi da laifin komai, ba dole sai ya taɓa na sama ba. Ƙara rabin lita aikin minti ɗaya ne, amma rage shi sai an kwanta ƙarƙashin mota ko an nemo abin zuƙa.

Akwai wani tarko a wasu motocin gidan Volkswagen da Skoda. Idan aka bar bonet a buɗe fiye da daƙiƙa 30, fitilar man rawaya takan mutu da kanta, domin motar ta ɗauka an ƙara. In ba a ƙara ba, sai bayan tafiyar kusan kilomita 100 za ta sake kamawa. Mutum ya buɗe bonet ya ƙara ruwan lagireto, ya ga fitila ta ɗauke, ya ce alhamdu lillahi dama ƙarya take yi, ya kama hanyar Kano da mai a ƙasa. Haka nan in makunnin da ke gaya wa mota an buɗe bonet ya lalace, wasu Audi sukan ƙi sabunta awon ko an zuba mai.

Kada kuma a haɗa rawaya da ja. Rawaya tana maganar yawan mai ne, tana ba ka damar isa wuri mafi kusa ka ƙara. Ja tana cewa ƙarfin tura mai ya faɗi, metal na gugar juna a bushe. Wannan ba ta jira a isa gari. A gangara gefe a kashe inji nan take, ko da tsakanin Ɓaure da Zango ne da tsakar rana.

Abin da ake zubawa ma abin dubawa ne. Mun saba da 20W-50 mai kauri, wanda ya dace da Peugeot 504 da tsofaffin bas-bas, har wasu na cewa zafin bazararmu da ke haura digiri 40 ba ya son mai tsinkakke. Waɗannan injina kuwa an ƙera su da ƙananan hanyoyin mai, da na'urorin da ke sarrafa bawul da ƙarfin mai, an kuma tsara su ne a kan irin su 5W-30 da 5W-40. A duba jikin galan a ga lambar amincewar kamfanin: Longlife-01 ga BMW, 229.5 ga Mercedes, 502 00 ga Volkswagen da Audi masu fetur. Man da ake aunawa a kwalba daga durom ba shi da wannan shaida, hukumar SON kuma ta sha kama jabun mai a kasuwannin ƙasar nan. Mai wannan irin mota ya ajiye lita ɗaya ta asali a but, a rufe, daga inda ya amince. Ya kuma riƙa lura da yawan abin da yake ƙarawa. Littattafan Volkswagen sun yarda inji zai iya shan har rabin lita a kilomita 1,000, amma motar da ke neman mai kowane mako tana da yoyo ko ringi ya ci, ƙari ba zai warkar da ita ba.

Sensa ita ma tana mutuwa. Tana zaune a ƙasan mota inda dutse da rami ke dukanta, wayarta tana tsinkewa, dattin man da ya daɗe ba a juye ba yana toshe ta. Idan dashbod ta daina nuna komai, ko tana cewa mai ya yi yawa yau gobe ta ce ya yi ƙasa ba wanda ya taɓa shi, hanyar tabbatarwa ita ce a juye man duka cikin mazubi mai awo a ga lita nawa ya fito. Ga Mercedes da Audi masu bututu a toshe, akwai geji na musamman da aka yi don gareji, mai zanen milimita, ana zura shi a auna a cire. Abin da bai kamata ba shi ne abin da wasu ke yi, su zare soket ko su rufe fitilar don kada ta dami mai mota. Wanda aka yi wa haka an bar shi ba geji ba sensa.

Ba na ɗora laifin a kan makanikanmu. Yawancinsu a kan kafireto da geji suka koyi sana'a, sun kuma iya ta, sai aka kawo musu motar da ke magana ta kwamfuta ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu. Mai motar da ke Babban Mutum in sensarsa ta lalace, sau da yawa sai ya aika Ƙofar Ruwa a Kano a nemo masa. Amma horarwa ba ta bukatar a je nesa. Daura tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a watan Disambar 2019, ga ƙungiyar makanikai ta NATA, ga hukumar NADDC da ke shirya wa makanikai horo kan motocin zamani. Kwas na 'yan kwanaki da Hausa, da na'urar gwaji guda da gejin gareji guda da makanikan tasha za su riƙa amfani da su tare, za su isa a fara da garejojin Ɓaure da Babban Mutum.