DAVID EJOOR: GWAMNAN DA YA SO YA TSAYA TSAKANI

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Binin zuwa Anaca ya san gadar Kwara da ke Asaba. A kan wannan gada ne, da asubahin ranar 9 ga watan Agusta 1967, sojojin Biyafara suka ƙetaro cikin manyan motoci suka shiga Jihar Tsakiyar Yamma, kafin rana ta faɗi kuwa sun kama Binin, kusan ba tare da an yi faɗa ba. Gwamnan soja na jihar, David Ejoor, shi ne mutumin da ya yi wata da watanni yana cewa ƙasarsa ba za ta zama fagen fama ba.

Shi Ejoor mutumin Urhobo ne, an haife shi a 1932. Janar Ironsi ya naɗa shi gwamna a watan Janairu 1966, lokacin yana Laftana-Kanar. Jihar da aka ba shi ita ce ƙanƙanuwa duk cikin huɗun, ba ta ma cika shekara uku da kafuwa ba, ga ta kuma da kabilu barkatai: Bini, Urhobo, Itsekiri, Ijaw, Esan, da kuma Ibon yammacin Kwara, wato mutanen Asaba da kewaye.

To, a nan gizo yake saƙar. Bayan juyin mulki na biyu, na 29 ga Yuli 1966, sai aka shirya kowane soja ya koma yankinsa don a rage zubar da jini. Da sojojin Tsakiyar Yamma suka hallara a Binin, sai ga shi yawancin manyan hafsoshin masu jin Ibo ne, har da kwamandansu, Laftana-Kanar Conrad Nwawo. Waɗannan mutane sun yi wa Nijeriya rantsuwa, amma fa da yawansu da ƙyar suka sha daga barikokin Arewa da na Yamma, sun kuma ga danginsu suna dawowa daga Kano da Kaduna da Jos, wasu da raunuka, wasu ba su dawo ba sam. Mai karatu da ke zaune a Sabo ko Agege, nesa da gida, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan zaman baƙo ranar da gari ya rikice.

Ejoor kansa yana son a zauna ƙasa ɗaya. A taron tsarin mulki da aka yi a Ikko cikin Satumba 1966, wakilan jiharsa ne suka tsaya kai da fata a kan tarayya mai ƙarfi, lokacin da sauran ke ta jan jiki. Ya je Aburi, ƙasar Gana, a watan Janairu 1967, ya zauna tebur ɗaya da Gowon da Ojukwu. Amma da aka zo batun girke sojan Arewa a jiharsa, bai yarda ba, don ya san ranar da suka sauka Binin hafsoshinsa za su ɗauka an zo ƙarasa su ne. Gaba kura, baya siyaki: in ya buɗe wa Ikko ƙofa, barikinsa ya fashe, in ya rufe, ba shi da abin da zai tare Gabas da shi. Ya zaɓi rufewa, ya dogara ga alkawarin mutanen da zuciyarsu ta riga ta rabu biyu.

An yi shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli a wajen Gakem. Wata guda ke nan tsaka-tsakin Ejoor ya yi aiki. Da Victor Banjo, Bayarabe da ke jagorancin mayaƙan Ojukwu, ya ƙetaro, barikin Binin bai tare shi ba. Ejoor ya sulale daga gidan gwamnati, ya ɓoye cikin ƙasar Urhobo, labarin hawansa keke har yau ana yi masa dariya a Binin. A ganina dariyar ba ta da wuri. Mutum ya ƙi miƙa wuya, ya ƙi a yi amfani da sunansa, ya bi daji har ya kai Ikko, wannan ba ragonci ba ne. Laifinsa, in laifi ne, shi ne ya zaci gwamna na iya hana yaƙi da baki.

Abin da ya ji wa tsoro kuwa duk ya auku. Mayaƙan Banjo sun kai Ore, aka tare su. Laftana-Kanar Murtala Muhammed ya zo da Runduna ta 2 ya ƙwace Binin ranar 20 ga Satumba, kwana ɗaya bayan Manjo Albert Okonkwo ya yi shelar wai Jamhuriyar Binin. Aka bi Ibon garin da kisa. A farkon Oktoba sojojin tarayya suka harbe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba. Shi ma Banjo bai tsira ba, Ojukwu ya sa an harbe shi a Inugu cikin Satumban nan, bisa zargin cin amana. Nwawo ya ƙarasa yaƙin a gefen Biyafara, aka tsare shi bayan an gama.

Ba a mayar da Ejoor kujerarsa ba. Manjo Samuel Ogbemudia aka ba. Amma Gowon bai yar da shi ba. Ya shugabanci makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, sa'an nan ya zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa daga 1971 zuwa 1975. Jihar tasa aka sa mata suna Bendel a 1976, aka raba ta Edo da Delta a 1991. Ya rasu a 2019.